Ranar da Goggo Ta Yi Mini Sallama

Lokacin da aka kawo ni unguwar Djamboutou ina amarya, famfon gidanmu ado ne kawai. Yana nan a tsakar gida da kansa mai sheƙi, amma da zafin Garoua ya kama sai ya yi ta huci kamar tsoho mai asma, ko ɗigo babu. Duk layinmu a rijiyar Goggo muke sha.

Goggo ba goggon kowa ba ce a cikinmu. Bafulatana ce, mijinta ya rasu tun kafin in zo, 'ya'yanta suna kudu, ita kaɗai ce a gidan da ke jingine da namu. Zaurenta ba shi da ƙyaure. Na ɗauka rashi ne, ashe ita ta sa aka cire shi tun shekarar da aka haƙa rijiyar.

Ranar farko da na je da bokiti, na tsaya a bakin zaure na rangaɗa sallama irin ta amarya mai son a ce tana da tarbiyya. Shiru. Na sake. Sai ga ta ta leƙo da carbi a hannu.

"Gaisuwa kika zo, ko ruwa?"

"Ruwa, Goggo."

"To mai ɗibar ruwa ba ya sallama a gidan nan, 'yata. In kin yi sallama dole in amsa, in na amsa kin roƙe ni ke nan. Ndiyam, ruwan nan, ba nawa ba ne. Wuce, ga guga can."

Haka kowa yake yi. Ka shiga, ka ja, ka fita, ko kallonka ba za ta yi ba. In gaisuwa kake so, sai ka kai ruwanka gida ka dawo hannu biyu. Na sha ganin matar da suka yi cacar baki da Goggo jiya ta shigo yau fuska a murtuke ta cika tulunta ta wuce, ba wanda ya tanka.

Shekaru suka tafi, yara suka yi yawa, gari ya cika ya batse, famfo kuma ya ƙara lalacewa. Ni ba ni da haƙuri, kowa ya shaida. Da na ga manyan gidajen bakin layi sun haƙa foraji, wato rijiyar burtsatse, sai na tasa maigida gaba. In ya dawo daga kasuwa da ƙurar atamfa a riga, kafin ya zauna na fara. Na yi fushi, na yi kuka, na nuna masa kantar tafin hannuna. A ƙarshe ya kira masu inji.

Ranar da ruwa ya ɓullo har guɗa na yi. Goggo ta shigo barka, ta tara hannu ta wanke fuska, ta sa mana albarka. Aka ɗora tanki a sama. Saboda ɓarayin injin jan ruwa, aka ƙara tsawon katanga aka sa ƙofar ƙarfe mai sakata.

Daga nan igiyar gugan Goggo ta fara tsawo. Ta ɗaura mata guntun igiyar shanya, daga baya ta ƙara da yankin tsohon zane. Duk gidan da ya haƙa nasa a layin, sai wani sabon ƙulli ya bayyana a igiyar. Na tambayi mai injin, ya ce namu daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, ba ruwansa da nata. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ni dai na san gugan da na saba jin ya faɗa tsulum, yanzu ƙasa yake bugawa, kuma ina jin bugun daga ɗakina.

Mutanen layi suka dawo ƙofarmu. Sai sun ƙwanƙwasa, sun yi sallama, sun ce, "Hajiya, a taimaka da bidon ɗaya," wato jarka. Ban taɓa hana kowa ba, amma abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci in ina ƙailula sai in bar su su ɗan jira a rana.

Goggo ba ta zo ba. Na aika 'yata da jarka cike, ta dawo da ita a cike: wai an gode, tana da saura. Na leƙa ta katanga na ga sauran. Abin da rijiyar ta tatso ne, ja kamar kunun kanwa, ta jefa masa alif tana jira ya kwanta. Ba a jima ba ciwon ciki ya kwantar da ita. Na je dubiya na durƙusa na ce, don Allah don Annabi ta riƙa zuwa ta ɗiba. Ta ce to.

Wata la'asar ina riƙe da tiyo ina wanke simintin tsakar gida, ruwa na kwarara ta ƙarƙashin ƙofa zuwa titi, sai na ji murya a waje.

"Salamu alaikum."

Na gane ta. Tiyon ya faɗi daga hannuna. Na zare sakata na same ta tsaye, ta rame, da ɗan bokitinta, ruwan wankin gidana yana bi ta kan silifas ɗinta.

"Haba Goggo! Mai ɗibar ruwa ai ba ya sallama."

Ta dubi ƙofar ƙarfen daga sama har ƙasa, ba da fushi ba.

"A rufe na same ta, 'yata."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Rabin bokiti ta tara, ta ce ya isa, ta yi mini godiya. Godiyar nan ta fi mini zafi, domin shekarun da na yi ina shan ruwanta ko sau ɗaya ba ta bari na yi mata ba.

Na ce wa maigida a cire sakatar da rana. Ya ce, "Injin fa? Ke za ki yi gadinsa?" Yana da gaskiya. Ni da na hana shi sakat har aka haƙa rijiyar, a kan wannan sau ɗaya tak na yi magana.

Har yanzu Goggo tana zuwa kowace safiya. Tana tsayawa a waje ta yi sallama, ni kuma ina amsawa.