Bargon Firizar Hure

Duk wanda ya taɓa shan zoɓo mai sanyi a ƙauyukan gabashin Ɗambatta, to da ƙanƙarar Hure ya sha. Shekara ashirin da 'yan kai ana kawo mata ita daga gari a bayan babur, ta naɗe a buhu, ta lulluɓe da bargo, har la'asar ba ta narke ba. Gajeriyar mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Ka yi mata gardama a kan komai, amma ban da sanyi.

Da ɗanta Iliyasu ya sayo mata firiza mai aiki da sola, kwana uku ta yi tana kiran maƙwabta kallo.

A bazarar bana aka yi wa Iliyasu haihuwa, aka sa wa jaririn Sha'aban, sunan mijinta. Shi kuwa Malam Sha'aban yana asibiti a Kano, an yi masa aikin ido, suna ya wuce shi. Aka soya ragon suna aka rarraba, amma Hure ta hana a taɓa cinya guda, ta saka ta ɗanya a firiza. Tsohon ba shi da haƙoran cin suya, ta kuwa yi masa alkawarin farfesu ranar da ya dawo.

Kwana huɗu da suna ta danna cinyar da yatsa, sai ta ji ta lotsa.

Aka kira Muhammadu Sani, mai gyaran firji a Ɗambatta. Kafin ya iso ta share ɗakin, ta kwashe tarkace, kamar yadda ake yi in baƙo zai shigo. Ya duba batir, ya goge gilashin sola, ya maƙala takarda a bakin murfi ya ja, don ya ga ko robar murfin ta saki. Ya kasa kunne ya saurari inji.

"Inna, lafiyarta lau," ya ce. Kafin ma ya tashi, cikinta ya fara fari da ƙanƙara.

Washegari cinya ta sake laushi. Wannan karon Hure ba ta tsaya wata shara ba, yana sallama ta ce ya shigo. Sai ya yi turus a bakin ƙofa. Ga firiza nan sanye da buhu uku, da bargon Malam Sha'aban a kai, an ɗaure tamau da igiya.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Da wannan zafin zan bar ta tsirara, sanyin ya gudu? Jiya don za ka shigo na cire."

Muhammadu Sani ya danne dariyarsa, ya kwance igiyar, ya ce ta taɓa gefen firizar. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Ƙanƙara ce ke son rufi," ya ce. "Ita wannan zafin ciki take fitarwa ta jikinta. Kin rufe ta, ina zai bi?"

Kunya Hure ta ji, ta ji haushi kuma, wai abin da ta fi kowa iyawa shi ya kusa ja mata asara. Ta ɗauko cinyar ta sansana, ta sake sansanawa. Da sauran sanyinta, ba ta canja ba. Kafin magariba ta yi tauri kamar dutse.

Ranar Laraba aka dawo da Malam Sha'aban, ido ɗaya a rufe da auduga. Aka ɗora masa jaririn a cinya, aka ajiye masa kwanon farfesu a gefe. Ya kurɓi romo, ya ɗauki tsoka, ta narke masa a baki.

"Na takwara ne?"

"Nasa ne."

"Ashe dai na ci suna," ya ce, ya miƙa mata kwanon ta ƙara.