Muryar da Ta Rage a Rediyo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, abokina, Mai Gaisuwar Safe. Haka gari ya san ka a rediyo, sunanka na yanka kuwa sai mu.

Shekara da shekaru muna gardama ɗaya a bencin ƙofar gidanka. Ni malamin makaranta, na kafe cewa rediyo ke tuƙa mutane, abin da ya faɗa shi suke hadiyewa. Kai kuwa ka ce mutane ba tumaki ba ne, kowa abin da ransa ke so yake tsinta ya bar saura. Kakan bar ni in yi ta kumfar baki, sannan ka tura mini kofin shayi. Ko da zazzaɓi ba ka taɓa fasa gaida marasa lafiyan asibiti a shirinka ba.

Ashe ka naɗi shirye-shirye masu yawa kafin ka kwanta jinya. Washegarin jana'izarka muna zaune a tabarma, sai muryarka ta fito daga shagon tela, da tarin nan naka, kana tambayar yadda muka kwana. Wani a cikinmu ya amsa kafin ya tuna.

Mahaifiyarka kuwa kullum safiya takan ɗora rediyon a cinya, ta amsa maka gaisuwa, har ta yi maka faɗan rashin shan magani. Hankalinmu ya tashi, domin gidan rediyo ya ce faifan da ka naɗa ya kusa ƙarewa, muna tsoron ranar da za ta kunna ta ji muryar wani. A raina na ce ga hujjata, akwatin rediyo ya rinjayi tsohuwa. Aka tura ni in fahimtar da ita cewa ka rasu.

Na durƙusa ina ta kame-kame. Ta rage ƙarar, ba ta ko dube ni ba.

"Na sani, ɗan nan. Ni na rufe masa ido. Bar ni in ƙarasa jin sa."

Ka ci gardamar, abokina, kuma babu bencin da zan same ka in faɗa maka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri. Inna kuwa, Allah Ya riƙe zuciyarta ranar da faifan zai ƙare.