Baban Aji

Na haura shekara arba'in kafin na koma jami'a a Zariya. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, matata ba ta daɗe da rasuwa ba, yarana biyu kuma suna hannun yayata a Funtua. Ilimin koyarwa na je karantawa, sai na haɗa da wani ƙaramin fanni da ke bin rayuwar ɗan Adam tun daga ciki har tsufa.

'Yan ajinmu yara ne, wasu ma na isa in haife su. Baba suke ce mini. In na shigo su ba ni kujera, su gaishe ni da ladabi, sai kuma su rage murya. Hirarsu ba ta dawowa sai na tashi.

Da muka zo darasin tsakiyar rayuwa, malamar fannin ta ce kowa ya nemi mai irin waɗannan shekaru ya yi hira da shi. Bayan darasi wata ɗaliba 'yar Kafur ta same ni a gindin darbejiya, ta durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri, kai ne mai irin shekarun nan da ke kusa da ni."

Na ce ta zauna. Ta tambaye ni aiki da lafiya, na amsa. Sai ta ce, "In abu ya dame ka, wa kake gaya wa?"

Na ce, "Allah."

"Haka ne, Baba. A cikin mutane fa?"

Na ce ina da aboki a Gozaki, tare muka tashi. Ba ƙarya na yi ba, amma rabona da shi tun zaman makokin matata.

Ran Asabar na hau babur na tafi. Na tarar da shi a gona da 'ya'yansa, ana ɗura masara a buhu. Ya yi murna ƙwarai, ya sa aka dama mini fura. Muka yi zancen taki da damina. Har na buɗe baki zan ce masa gidan ya yi mini girma, sai babban ɗansa ya kira shi, wai mai mota ya iso.

"Malam, ina zuwa," in ji abokin nawa.

Na zauna a kan buhu ina kallonsu har rana ta yi sanyi. Da zan tafi, shi da kansa ya ɗaure mini masara a bayan babur. Ya dube ni ya ce, "Ka rame."

Na ce zirga-zirgar Zariya ce. Ya gyaɗa kai, bai saki kan babur ɗin da wuri ba.

Tun daga nan nakan leƙa shi jefi-jefi. Har yau ba mu yi maganar ba. In ya gan ni yakan matsa mini a tabarma, ya ci gaba da aikinsa, ni kuma in zauna.