Shekara Bakwai Babu Mai Ɗaura wa Tanki Hanci

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Garba makwancinsa, kuma har yanzu ban yafe masa riga ni da ya yi ba. Na girme shi da wata huɗu cif, kuma taubashi mai ladabi ba ya shiga gaban babbansa. Amma Garba bai taɓa yi wa kowa ladabi ba sai tankin gas.

Masu karatu su yi mini afuwa, bokona a aji huɗu ya tsaya, ranar da malam ya ce a raba bakwai gida biyu na ce a ba ni huɗu. Saboda haka yadda Garba ya koya mini zan faɗa. Abin da masu ilimi ke kira bawul, shi hanci yake ce masa. Wani ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a saman tanki. Idan rana ta dafa tankin, iskar ciki ta kumbura ta rasa hanya, sai ya buɗe da kansa, ya yi ɗan huci, ya rufe. Lokacin da masu sayar da gas suka fara kafa tankuna daga Tudun Wada zuwa Kwangila, Garba ake kira ya ɗaura shi.

Na sha raka shi. Aikina riƙe masa hula da taya shi cin abincin ma'aikata. A tsaye yake ɗaura hancin, can ƙololuwa, ba a kishingiɗe ba. Bututun da iskar za ta bi sai ya kalli sama, nesa da taga, nesa da mai suya. Ya kifa masa 'yar hula kada ruwan sama ya shiga ko zanzaro ya yi gini a ciki. Sannan ya shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa, ya tsuguna yana kallo kamar mai neman jinjirin wata. Babbar dokarsa ita ce ba a sa famfo tsakanin tanki da hancinsa, don a cewarsa duk ranar da aka sa, an haifi wanda zai rufe shi. Nakan ce masa, “Garba, wanzami ma bai kai ka yanga ba.” Shi kuwa ya ce, “Kai dai riƙe hula, iyakar karatunka ke nan.”

To bana ga abin da ya same ni. Wani Alhaji ya kafa tanki a bayan gidana, katanga ɗaya tsakaninsa da ɗakin da matata take zama. Da bazara ta kankama, hancin ya yi huci sau biyu. Da Garba ne, zai ce an cika wa tankin ciki ne, a rage masa. Alhaji kuwa asara ya ji tana fita. Ya kira mai gyara aka sa famfo a ƙarƙashin hancin, aka murɗe.

Na sa babbar rigata ta Juma'a na je.

“Alhaji, ka toshe wa tankin nan hanci.”

“Baba, yoyo yake yi, mun gyara.”

“Ba yoyo ba ne, numfashi ne.”

“Ikon Allah. Baba, a jami'a can Kongo ka karanta numfashin tanki?”

“A'a, a sashen riƙon hula na karanta.”

Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini kujera da lemo, ya ce Allah ne mai tsarewa. Na ce haka ne, Garba ma a sahun gaba yake salla, yana idarwa kuma ya ɗauki sifanarsa ta ɗaure ƙarfe. Na je wurin mai unguwa, ya ce zai duba. Na rubuta takarda zuwa wani ofis da wannan bokon nawa. Wasu suka zo a farar mota, suka yaba fentin tankin, suka tafi. Lemon dai na shanye, ban ɓoye muku ba.

Nakan tambayi kaina, da Garba yana nan me zai yi? Zan so in ce zai tayar da unguwa. Ƙarya ne. Zai faɗa sau ɗaya a hankali, a yi masa dariya, ya koma gida ya haɗiye. Haka ya yi ta haɗiya har hawan jini ya kwantar da shi. Mutumin da ya ɗaura wa tankunan gari hanci, shi bai ɗaura wa kansa ba. A gadon asibiti na ce masa, “Garba, ka ɗan yi huci mana.” Ya kalle ni ya ce, “Wa zai ji?”

Me ya rage na Garba? Wasu tsofaffin tankuna da har yau suke huci in rana ta take, masu su suna zagin wanda ya ɗaura. Sifanarsa, tana ƙarƙashin gadona tana tsatsa. Sai kuma kunnen da ya bar mini, wanda ban roƙe shi ba.

Kullum bayan azahar, in zafi ya kai zafi, nakan ja tabarma jikin katangar nan in kasa kunne. Jiya matata ta leƙo ta ce, “Malam, ka ji yanzu shiru, Alhaji ya hutar da mu.” Na ce mata eh.

Allah Ya jiƙanka, Garba. Da sifanar kawai ka bar mini, ka tafi da kunnenka.