Abin Da Ya Cika Babbar Wayar Inna Hure

Duk wanda ya saba sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Tofa ya san na Inna Hure, ko da bai taɓa ganin ta ba. Nata ne mai zobe, mai ɗan yaji a ƙarshen harshe. Ita ba ta zuwa kasuwa. A gida take suya, a wani ƙauye da ke bayan gonakin dawa, masu sari su zo su ɗauka.

'Yar Rimin Gado ce, aure ya kawo ta gidan Malam Sama'ilu, manomi mai 'yan awaki. Mutum ne mara yawan magana, kuma ba ya son hoto. Da an ɗaga waya sai ya juya baya ya ce shi ba takara ya tsaya ba. Da ya rasu, a wata damina bayan gajeriyar jinya, aka nemi hotonsa aka rasa sai na katin zaɓe, wanda rana ta kashe masa ido a ciki har bai yi kama da kansa ba.

'Ya'yansu maza sun watsu neman abinci tun da wuri. Autarsu Tahira ce ta daɗe a gida. Ta yi karatun kiwon lafiya a Kano, a can ta mallaki tabulet, abin da Inna Hure ke kira babbar waya. Bayan rasuwar Malam aka ɗaura wa Tahira aure da Mudassir, mai fataucin albasa, ya tafi da ita Fatakwal. Ranar tafiyar ta ɗora wa uwarta tabulet ɗin a cinya.

"Inna, ki riƙe. Fuskarta babba ce, za ki riƙa ganina sosai."

"Ni da ban iya boko ba?"

"Ba karatu za ki yi ba. In ta yi ƙara ki taɓa koren, shi ke nan."

Haka ta koya. Ta ɗinka wa wayar jaka da ragowar atamfa, tana aika ta shagon caji mai sola a bakin hanya. Wurin da sabis ya fi ƙarfi a gidan shi ne gefen rumbu, don haka nan ta ajiye kujerarta. Tana matsar mai, hannu duk tunkuza, kunnenta na kan jakar.

Da Tahira ta haihu, Inna Hure ba ta samu zuwa ba. Hanya da nisa, ga ƙafarta da ke kumburi in ta daɗe a mota. Tahira ta ce kada ta damu, ta turo mata bidiyon jaririn ana yi masa wanka. Inna Hure ta taɓa. Wani ɗan zobe ya juya, ya juya, ya tsaya, rubutu ya fito. Ta sake taɓawa, haka. Abin da take iya gani kawai wani dishi-dishi ne, kamar mutum a bayan labule. Ko kiran bidiyon ma sai ya riƙa sandarewa yana yankewa.

Mai shagon caji ya ce mata wayar ta cika ne, sai an rage kaya. Ta zauna ta yi ta gogewa: hotunan furanni na barka da Juma'a, wa'azin da ake turowa, bikin mutanen da ba ta ma sani ba. Har hoton akuyarta da ta haifi uku ta goge, ranta bai so ba. Ba abin da ya sauya.

Ran nan da la'asar ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta Sadiya, malamar firamare. Ta same ta tana tsince shinkafa.

"Malama, taimaka min. An ce wai ta cika, ni kuwa na share ta tas. Ban san abin da ta ci ba."

Sadiya ta goge hannu ta karɓi wayar. Ta shiga nan, ta fita can, tana ɗan tsaki.

"Inna, gaskiyarki. Hotuna ba su da yawa, manhajoji ma haka. Amma ga wani tulin kaya nan da ba a faɗi ko mene ne ba, shi ya cinye fiye da rabi."

"Aljanu ne suka zuba?"

Sadiya ta yi dariya. "Bari mu bi sawu."

Ta daɗe tana buɗe ma'ajiya ɗaya bayan ɗaya kafin ta gano. Tahira ta taɓa amfani da wata manhajar ɗaukar murya da bidiyo lokacin tana makaranta. Ta goge manhajar, amma abin da aka ɗauka ya zauna a wani lungu da ba ya fitowa cikin hotuna. Sadiya ta buɗe na farko: wani malami ne yana bayanin allurar rigakafi. Na biyu ma haka.

"Karatunsu ne na makaranta. In share duka?"

"Share mana."

"Bari dai in duba manyan nan na ƙasa, su suka fi nauyi."

Ta taɓa ɗaya. Sai ga tsakar gidan Inna Hure, a karkace, kamar an jingina wayar da turmi an manta. Lokacin kaka ne, dammunan dawa jibge a ƙasa. Ba kowa a hoton sai kaza. Can sai wata murya ta fito daga gefe:

"Hure, wannan akuyar taki ta sake shiga harawa."

Inna Hure ta dafa ƙasa. Sadiya ta kalle ta, ta ajiye tabulet ɗin a kan tabarma a hankali, ta ƙara murya.

Malam Sama'ilu ya shigo hoton ta baya, da tsohuwar rigarsa ta gona mai yagaggen aljihu, yana jan dami. Ya sunkuya, ya ɗaure, ya miƙe yana riƙe da ƙugu yadda ya saba. Aka ji muryar Hure daga madafa tana cewa akuyar ai ba ta san harawar ta sayarwa ce ba. Ya ce to a sanar da ita. Aka ji Tahira tana ƙunshe dariya kusa da wayar.

"Juyo mana, Malam," in ji Inna Hure, ƙasa-ƙasa.

Bai juyo ba. Sun kalli bidiyon har ƙarshe, da na bayansa, da na bayan wancan. A ɗaya yana gyaran danga, a wani yana alwala, ƙeyarsa da gefen kunnensa kawai ake gani. A wani ma ƙafafunsa ne kaɗai, yana zaune yana sassaƙa ƙotar fartanya yana tari. Tahira ta san halin ubanta, daga ɓoye take ɗauka, ba ta taɓa samun gabansa ba.

Sadiya ta ce, "Inna, in ba a cire su ba, bidiyon jaririn ba zai sauka ba."

"To a bar jaririn. Shi zai girma, zan gan shi."

"Ba sai an kai ga haka ba. Akwai ɗan katin memori da ake sakawa a gefe, a kwashe su a zuba a ciki. Gobe in na tashi daga makaranta zan biya Tofa in sayo. Yau mu share karatun kawai."

Inna Hure ta sa ta buɗe kowane karatu tukuna, su ji da kunnensu ba muryar Malam a ciki, sannan a goge. Shinkafar Sadiya ba ta dahu da wuri ba ranar. Da suka gama, wuri ya ɗan samu, bidiyon ya sauka: yaro jajir yana tsala kuka a cikin baho, hannun wata mata na tallabe da kansa. Inna Hure ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce wannan wankan ba a iya shi ba, ruwan ya yi yawa.

Washegari Sadiya ta zo da katin, aka saka, aka kwashe komai. Inna Hure ta koma gefen rumbu ta kira Fatakwal, hoto ya fito tar.

"Auta, ashe kin ɗauki babanku?"

Tahira ta ce, "Inna, na ɗauka sun tafi. Bayan rasuwar na kasa kallo, sai na goge abin gaba ɗaya. Daga baya na yi ta nema ban gani ba. Suna nan?"

"Suna nan. Yana ta faɗa da akuya."

"Ki turo min."

Sadiya ta gwada, amma sun yi wa sabis ɗin ƙauyen nauyi, ko ɗaya bai tafi ba. Sai ta kira Tahira da tata wayar, ta kara ta kusa da tabulet ɗin, Inna Hure ta kunna. Daga can Fatakwal ba a jin komai sai numfashin Tahira da ɗan gurnanin jariri.

Da ya ƙare Tahira ta ce, "Mudassir ya ce in kasuwa ta yi kyau za mu zo da babbar sallah."

"Allah ya kawo ku lafiya," in ji Inna Hure. "Malama, ƙara kunna mata na dangar. A nan ya fi magana."