Masar Ƙarin Albashi

Har gobe, in na ji ana shelar ƙarin albashi a rediyo, sai in miƙa hannu in kashe. Ba kuɗin na ƙi ba, wa ke ƙin kuɗi? Abin da ƙarin ya yi mini ne ba ya bari in saurara.

A lokacin ina aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti a Jega Sabon Gari. Maigidana yana bin motocin albasa daga Aliero zuwa kudu, in ya tafi sai an gan shi. Ɗiyarmu ɗaya, ta fara tafiya ke nan, ko yaye ta ban yi ba. Kusa da asibitin akwai gidan raino, wata ƙungiya ce ke biya wa mata ma'aikata kuɗinsa, muddin albashin mace bai kai wani adadi da suka yanke ba. Nawa ko kusa bai kai ba. Da safe in aje ta, da hantsi in ruga in ba ta nono in koma kan tsintsiyata, bayan azahar in goya abata mu yi gida.

Sai aka ɗaga mafi ƙarancin albashi. Watan da ƙarin ya shigo na yi abin da na taso na ga ana yi a gidanmu: in Allah ya yi maka buɗi, ka fitar da sadaka kafin ka kai baki. Na jiƙa shinkafa, na soya masa, na bi maƙwabta da ita. Kwano mafi cika kuwa gidan raino na kai, don su ke wanke wa ɗiyata kashi.

Hajiyar da ke riƙe da gidan ta buɗe kwanon ta ce, "Masar mi ce wagga, ƙanwata? Suna aka yi?"

Na ce, "Godiya ce, Hajiya. An ƙara muna albashi."

Ta mayar da murfin a hankali. "Kash! Da ba ki faɗa ba. Yanzu na ji, kuma amana ce a wuyana, dole in sanar da ƙungiyar. Kin haura adadin nan. Daga wata mai kamawa sai dai ki biya da kanki."

Da ta faɗi kuɗin rainon, wallahi ya fi ƙarin da aka yi mini. Ku ji fa! An ba ni da dama, an karɓe fiye da haka da hagu, a kuma ce in yi murna. Ga tiyar gero ta riga albashin tashi, ga mai kabu-kabu shi ma ya ji rediyo.

Na taka har ofishin ƙungiyar. Wani mutum ya saurare ni yana danna waya. Na ce, "Malam, tun da an ɗaga albashin kowa, ku ɗaga adadin naku mana. Yau duk mai shara ta zama attajira ke nan?" Ya ce ba su suka yanke ba, daga sama ne. Na ce a nuna mini saman in hau. Ya yi dariya. Ni ba dariya ta kawo ni ba.

Na gwada goya ɗiyata ina aiki. Shugabar ɗakin jinya ta ce ba a yawo da jinjiri cikin marasa lafiya, kuma gaskiyarta ce. In bar aikin, mu ci mi? Haka na ɗauke ta na kai wa Inna, mahaifiyata, a Maiyama. Yayen da na so in yi sannu a hankali, aka yi shi rana ɗaya. A motar dawowa nono ya cika ya jiƙa mini riga, na ja gyale na rufe, ina kuka ina kallon gonaki.

Abokan aikina suka ce ni na jawo, da na yi shiru kamar yadda wasu suka yi. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. In ɓoye kyautar Allah kamar kayan sata? Laifin masa ne, ko na wanda ya ɗaga albashi ya manta matan da ke karɓarsa suna da goyo?

Sai ƙarshen wata nake iya zuwa Maiyama, kuɗin mota ma daga cikin ƙarin nan yake fita. Zuwana na farko na soya wa ɗiyata masa, don tana so. Na tarar da ita a tsakar gida tana bin kaji. Na durƙusa na buɗe hannuwa, na kira ta. Ta tsaya ta dube ni, ta ruga ta cusa kai cikin zanen Inna.

Inna ta ce, "Tahi mana, uwarki ce."

Na miƙa mata masar, ta noƙe kafaɗa. Sai da Inna ta karɓa daga hannuna ta ba ta, sannan ta ci.