Wayar Kyauta da Ta Ɗaure Ni Shekara Biyu

Shekarar da muka tashi daga gidan haya a Hyattsville muka koma namu na kanmu a Bowie, duk a nan jihar Maryland, komai ya biyo mu lafiya, har da tsohuwar kujerar da na yi ta addu'a ta karye a hanya. Sabis ɗin waya ne kaɗai ya ƙi tarewa. A Hyattsville wayata ko a firji ka saka ta sai ta yi ƙara. A Bowie kuwa, da ka sa ƙafa a falo sai sandunan nan na sabis su watse kamar 'yan caca sun hango motar 'yan sanda. Na bi gidan ɗaki-ɗaki da waya a sama kamar mai yi wa gida turare. Na hau tebur, na leƙa ta tagar banɗaki, na shiga gareji na fito. A duk filin nan da na saya, wuri ɗaya tak na samu: bakin titi, jikin akwatin wasiƙa, shi ma sai na juya wa gidan baya.

Da ni kaɗai abin ya shafa da na haƙura, don akwai mutanen da rashin samuna a waya rahama ce gare ni. Amma akwai Inna, mahaifiyata, can gida. Inna ba ta kira, filashin take yi. Ta danna, ta bari ya yi ƙara sau ɗaya, ta kashe, ni kuma in kankare katin kiran waje da nake saya a shagon kayan miya na 'yan Afirka in kira ta. Kuma ba ta yi a ranakun aiki, wai kada ta haɗa ni da iyayen gidana. Asabar da Lahadi ne nata, wato ranakun da nake zaune a cikin gidan da ya fi ƙasan rijiya rashin sabis.

Ƙanwata ce ta kira ni a wayar gida wata Lahadi, ko gaisuwar kirki ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, me ka yi wa Inna?"

"Ni? Me na yi?"

"Ta ce tunda ka sayi gida ka ajiye wata Baturiya tana amsa maka waya. Ko ƙara ba ta bari ta yi, sai ta ɗauka ta hau Turanci, katin Inna yana tafiya. Jiya ko tuwo ba ta ci sosai ba."

Baturiyar nan ba kowa ba ce, muryar na'urar barin saƙo ce, wadda ke ɗauka in babu sabis. Nan take na kira Inna na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Na ce daga yau ni zan riƙa kiranta duk Asabar, ko kuma ta riƙa yin filashin a wayar gida.

"Ta gida jikokina ke ɗauka, su ma Turancin ne," in ji ta. "Ni ba kiranka na rasa ba. In na neme ka ne nake so in same ka."

Sai na shiga neman mafita. Maƙwabcina, wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar nan da ya yi ritaya, wanda ba shi da sana'a sai korar ganye daga gaban gidansa zuwa gaban nawa, ya shigo da wayarsa ta wani kamfani muka gwada. Cike take da sabis a falona, har a ɗakin ƙasa. Na ce shi ke nan, zan bar kamfanina in koma nasa, in tafi da lambata, don ita kaɗai ce Inna ta yarda da ita.

Na kira su. Suka sa mini kiɗa na saurara har na ji gemuna ya ƙara tsawo. Can wata mata ta ɗauka, ta duba, ta ce kwantiragina na shekara biyu ne, saura 'yan watanni, in na fita yanzu akwai tara. Da ta faɗi kuɗin sai na ga ya isa ragon layya mai ƙaho biyu a murɗe. Na ce ashe a ƙasar nan har da waya ake kul'i, kai aka cuta, kai za ka biya a sake ka.

To ni a rumfar atamfar kawuna na tashi, a kasuwar Kano. Na san in ciniki ya cije, mai saye juyawa yake yi ya fara tafiya a hankali, kunnensa a baya. Sai na ce mata, "To madalla, na tafi." Ta ce in dakata, za ta haɗa ni da wani. Na kalli maman yara da ke yanka alayyafo a kicin, na kashe mata ido, na rufe bakin wayar na ce, "Sun kira ni."

Wanda aka haɗa ni da shi, Allah ya ba shi murya. Da a ce zawarci yake zuwa da babu bazawarar da za ta rage a Maryland. Ya tambayi iyali, ya taya ni murnar sabon gida, ya kusa faɗin sunana daidai. Ya ce mutum irina ba a bari ya tafi, laifin duk na tsohuwar wayata ne, zai aiko mini da sabuwa fil, kyauta, ko sisi ba zan biya ba. Daga nan ya karanto wani dogon abu da gudu kamar ƙarshen tallar magani a rediyo. Ni kuwa ina ta jero godiya, don a inda na fito, in mai kaya ya auna maka ya ƙara ɗibo ɗan wani abu ya zuba a kai, gyara ke nan. Ba a tambayar dalilin gyara, buɗe bakin buhu ake yi a ce Allah ya ƙara kasuwa. Ya ce na amince? Na ce har zuciya.

Na ajiye waya na shiga kicin ina taku ɗai-ɗai.

"Kin ga yadda ake ciniki? Na je fita, na dawo da sabuwar waya."

Ba ta ko ɗago ba. "Baban yara, a ƙasar da albasa ɗaya sai an ɗora ta a sikeli, wa ya taɓa yi maka gyara?"

Na ce hassada ce, don ita ba a aiko mata ba.

Waya ta iso a kwalinta, mai murfi, tana sheƙi. Tana ɗaukar hoto, tana waƙa, tana gaya maka za a yi ruwa gobe. Abu ɗaya ne ba ta yi a gidana, shi ne waya. Na ce baƙuwa ce, a bar ta ta saba da gidan. Haka na koma bakin akwatin wasiƙa duk Asabar da Lahadi, da jallabiya da rigar sanyi a kai da kofin shayi, ina gadin filashin ɗin Inna. Sanyi ya shigo, irin wanda kunne ke rabuwa da mai shi. Mai rabon wasiƙa ya daina sakawa a akwati, hannu da hannu yake miƙo mini. Maƙwabcina ya kashe injin korar ganyensa wata rana ya ƙwalo mini daga tsallake, "Ɗan'uwa, me ka yi mata haka? Sayi fure ka ba da haƙuri, ni ma na taɓa kwana a mota!" Kuma duk da wannan gadi, da na shiga sallar azahar ko na zauna cin abinci, lokacin Inna za ta danna, Baturiya ta ɗauka.

Da na ga baƙuwa ta ƙi sabawa sai na sake kira. Kiɗan dai shi ne. Wata matar daban ta duba, ta ce cikin fara'a kwantiragina sabo ne, ya fara daga ranar da na karɓi waya, shekara biyu cur, tara kuma ta dawo sabuwa.

"Wace waya? Ta kyautar?"

"Ita fa, yallaɓai. An karanta maka, ka ce ka amince. Da ka dawo da ita cikin wata guda da an warware."

"In dawo da kyauta? Baiwar Allah, a garinmu wanda ya mayar da kyauta gaba ya ƙulla! Mutumin nan ya tambayi 'ya'yana fa!"

Ta ce ta fahimci damuwata. Duk sun fahimci damuwata, kamfanin nan kaf, ban taɓa ganin taron masu fahimta irinsu ba. Na ce to a rage mini zuwa mafi ƙanƙantar tsari, in yaso in san dabarar da zan yi. Ta ce da murna, sai dai canjin tsari shi ma yana sake lissafin shekara biyun daga farko. Na ga in na ƙara kira sau biyu, jikokina ne za su gaji kwantiragin nan tare da gidan. Kafin in ajiye ta ce tana da wani tayi na musamman don ni kaɗai. Na kashe da sauri kamar na taɓa garwashi.

Maman yara ta bar ni na gama huci, na zagi kamfani, na zagi kiɗansu, na zagi wanda ya ƙirƙiro murfin waya. Sannan ta ɗauki makullin mota.

"Matsalarka, sallama kake zuwa yi musu. Kana sallama suna riƙe maka riga. Tashi mu je kamfanin maƙwabcinka, su za su janyo lambar da kansu."

"Haka kawai? Ba tare da na gaya musu ba?"

"Su da za su ɗaure ka, da Hausa suka gaya maka?"

Muka je shagon da ke cikin babban kanti. Kafin shayin da na bari a mota ya huce an gama. Na fito ina waige-waige, jikina duk ba daɗi, kamar na zare jiki daga walima ban yi wa mai gida sai anjima ba. Tara kuwa ta iso a kan lokaci, ita ba ta taɓa rasa sabis ba. Na biya ina cije haƙori, kuma har yau in na tuna muryar mutumin nan sai na ji shayina ya yi ɗaci.

Asabar ta gaba ina miƙe a kan kujera a tsakiyar falo, ƙafa a kan tebur, sai waya ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Na kankare kati na kira ta.

"Inna, barka da yamma. Kin same ni?"

"Na same ka. Kun ci abinci?"

"Mun ci."

"To madalla. An yi ruwa jiya, akuyar nan ta haihu. Kashe, kada kuɗinka su ƙare."

Ta ajiye. Na ja tsaki. Kuɗin ragon layya da sanyin da ya kusa cire mini kunne, duk don in ji akuya ta haihu. Ban gama tsaki ba ta sake yin ƙara sau ɗaya. Na sake kira da sauri.

"Lafiya dai, Inna?"

"Lafiya lau," in ji ta. "Gwadawa nake."